Minti Arba'in a Gaban Murhu

Ni na iya girki, kuma ina so a fara sanin wannan kafin in faɗi sauran. Tun ina aji biyu a sakandare Umma ta sakar mini madafi duk Asabar da Lahadi. A gidanmu na Zariya ba a yaba abinci da baki, sai dai ki ga an sake turo kwano gabanki ba a ce komai ba, to ni ana turo mini. Na yi girki da icce, na yi da gawayi, na yi da risho mai hayaƙin da ke sa hawaye. Da aure ya kawo ni Makka na tarar da murhun gas mai kai biyu a ɗan kicin ɗinmu, rana ɗaya na saba da shi.

A unguwar Kudai muke zaune, hawa na biyu a wani dogon gini. Maigidana direban bas ne, yana kwasar masu ibada daga tasha zuwa Harami ya dawo da wasu, tun safe har rana ta faɗi.

A azumina na biyu a nan abin ya faru. Ina suyar sambusa bayan la'asar, na bar ƙofar gida a buɗe don iska ta ratsa. Umma ta kira ni a waya, na fita falo inda aka fi jin magana. Gaisuwa ce kawai da tambayar yadda muke ji da ƙishirwa. Ko da na dawo, man ya kama da wuta a cikin kasko. Na san ba a zuba wa mai ruwa. Malamarmu ta girki ta faɗa a makaranta, ni ma na sha faɗa wa ƙannena. Amma ga roba nan a gefe cike da ruwan da zan haɗa zoɓo, hannuna ya ɗauka ya watsa kafin kaina ya ce uffan. Wutar ta yi sama har silin da wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, ta lashe mini hannun dama daga tsintsiya zuwa gwiwa.

Khala ce ta kashe ta. Tsohuwa ce gajera da ke zaune a hawan da ke samanmu, haka kowa ke kiranta a ginin, kamar yadda ake kiran duk babbar mace a garin nan. 'Yar Fatani ce. Kakanninta daga kudancin Tailan suka zo aikin hajji suka zauna, kamar dai kakannin Hausawan da aka haifa a nan. A ranar tana saukowa ne da abincin buɗa baki a babban faranti za ta kai wa wata maƙwabciya, sai ta ji ihuna. Ta shigo, ta rufe tukunyar gas, ta juye abincin da ke hannunta a ƙasa, ta kifa farantin a kan kaskon. Wutar ta mutu nan take. Ta ja ni zuwa famfo ta riƙe hannuna a ƙarƙashin ruwa, tana ta magana da Larabci, ban fahimci ko rabi ba.

Ƙunar ta warke cikin sati uku, ta bar tabo. Tsoron ne ya ƙi tafiya. Akwai ƙarar nan da murhun gas ke yi kafin ya kama, tas-tas-tas. Ko a gidan maƙwabta aka yi ta na jiyo ta taga, sai in tsinci kaina a bakin matakala ba takalmi. Na daina shiga kicin sai in zan ɗauko kofi. Maigidana ya sayo mini murhun lantarki, yana nan a kwalinsa har yau, domin a lokacin ko tukunya na hango a kan zafi sai in fice. Da safe ya sayo tamis da ful, wato gurasa da waken nan da ake karyawa da su, da yamma ya taho da shinkafa da kaza a leda. Bai taɓa yi mini gori ba.

Khala kuma ta riƙa saukowa da kwano duk bayan kwana biyu ko uku, tana dafa bango saboda ciwon gwiwa. A gida ba a mayar wa maƙwabci kwano ba komai a ciki, a Makka ma na tarar haka ake yi. Na farko na mayar da dabino. Na biyu na mayar da biskit na kanti, na ga ta duba ta yi murmushi, kunya ta rufe ni. Daga nan ban ƙara mayarwa ba. Na wanke, na goge, na jera a kan firji, har suka kai biyar, farare masu zanen shuɗin fure a baki. Cikin abin da take kawowa akwai wata miya da ta tsaya mini a rai. Ja ce mai kauri, da nama da dankalin turawa da gyaɗa, ga zaƙi ga ɗan tsami ga ƙamshin kirfa. Tana kama da miyar gyaɗarmu, amma in ka kai baki sai ka ji wani ɗanɗano daban.

Bayan ƙaramar salla da kamar wata ɗaya Gwaggo ta zo duba ni. Ƙanwar mahaifin maigidana ce, tun tana yarinya take zaune a unguwar Misfala, Hausarta duk ta cakuɗe da Larabci. Ta leƙa kicin, ta shafa murhun da yatsa, ta duba yatsan.

"Ke yarinya, wannan murhu ne ko kayan ado?"

Na sunkuyar da kai. Ta juya wajen maigidana.

"Kai kuma, ya walad, har yaushe za ka yi ta ciyar da matarka a leda kamar gwauro? Ga hajji nan tafe. Za a kwashe ku a kai Mina da Arfa, sati biyu ba za ka kwana a gida ba. Wa zai sayo mata tamis? Ni? Khalas, ka mai da ita wajen uwarta ta huta, in Allah ya ba ta lafiya ta dawo."

Ba da mugunta ta faɗa ba, Gwaggo haka bakinta yake. Bayan ta tafi maigidana ya zauna kusa da ni, ya daɗe yana juya makullin mota a hannu.

"Maganar Gwaggo da gaskiya a ciki," in ji shi. "In har watan nan ya ƙare ba ki samu sauƙi ba, gara ki je gida. Hankalina ba zai kwanta ina Mina kina nan da yunwa ba."

Na san matan da suka tafi gida hutawa, maganar takardu ta yi ta ja, shekara ta zagayo ba su dawo ba. Ban da wannan ma, ban ga yadda zan shiga gidanmu in zauna ƙannena su dafa su zuba mini ba, ni da na koya musu riƙon muciya. Kwana goma sha ɗaya suka rage watan ya ƙare.

Na yanke shawarar miyar Khala zan fara dafawa. In tuwo na ce zan yi na kasa, na kasa abin da na iya ke nan, ban san yadda zan ɗauki wannan ba. Miyar wasu kuwa in ta lalace, ai baƙuwa ce, kowa zai yi mini uzuri. Kuma ina so in mayar mata da kwanukanta da abin da zai nuna mata na ci abincinta da hankalina a kai.

Larabcina bai kai in tambaye ta yadda ake yi ba, kuma ina jin nauyi. Sai na ɗauki waya na rubuta da Turancin makaranta cewa ina neman miyar Tailan mai gyaɗa da nama. Na samu wani bidiyo, wata mata tana girki a kicin mai tsafta, ba a ganin fuskarta sai hannuwa. Miyar ta yi kama da ta Khala sosai. A ƙasa an rubuta cewa daga ɗora tukunya zuwa saukewa minti arba'in ne. Wannan rubutun ya kama ni. Na ce wa kaina minti arba'in ai bai kai tsawon darasin lissafi na ranar Litinin ba, kuma na sha jure shi.

Sau uku na kalli bidiyon ina rubuta kayan haɗi a takarda. Naman na gan shi fari-fari, na ɗauka ɗan maraƙi ne. Sai a kallo na huɗu na bar shi ya kai ƙarshe, inda suka jero kayan da hotunansu. Kusa da naman ga ɗan zanen dabba mai gajeren hanci da murɗaɗɗiyar jela. Na yi a'uziyya na jefar da wayar a kan katifa, har na goge hannuna a zane kamar na taɓa shi.

Da na nuna wa maigidana washegari yana shan shayi, dariya ta sa ya ƙware.

"Alade? A Makka? A kicin ɗina? Hajiya, ashe jinyar taki ta yi nisa."

"Yallaɓai, ai hanyar kawai zan ɗauka. Akwai naman saniya a firji."

"To ki bari sai ranar da nake gida, ni in kunna miki."

"In kai ka kunna, kai ka yi girkin."

Ya dube ni, ya ƙarasa shayinsa. Da zai fita ya ce in bar ƙofa a buɗe.

Gwaggo ce ta raka ni sayen kaya, wani ɗan kanti a cikin Misfala inda mutanen gabas ke sayayya. Ita duk wanda ya fito daga can Jawa take ce masa, ko daga wace ƙasa yake. Na yi kuskuren ba ta labarin zanen nan a hanya, don haka duk abin da na ɗauko sai ta karɓe ta kai shi dab da ido ta karanta Larabcin da ke jiki. Madarar kwakwa ta gwangwani ta wuce. Tsamiya ta wuce. Wata kwalba ta jan haɗin yaji da aka riga aka niƙa, wadda za ta rage mini aiki, Gwaggo ta juya ta gaba da baya ba ta ga harafi ɗaya da ta sani ba, ta mayar.

"Wannan rubutun kamar tsutsa, wa ya san me suka ce? La, ba da ni ba. Ki daka naki."

Da muka zo kan ruwan kifi, wani ruwa ne ja-ja a kwalba da suke sa wa miya maimakon gishiri, mai kantin ya buɗe mata wata ta shinshina. Ta ja da baya tana toshe hanci da mayafi.

"Ya satir! Mushe suka matse?"

"Gwaggo, daddawarsu ce fa. Mu ma in baƙo ya shinshina tamu guduwa zai yi."

"Kar ki haɗa mini daddawa da wannan abin. Daddawa ai mutunci gare ta."

Amma ta karanta, ta ga kifi ne da gishiri, ta jefa a kwando da kanta.

Ranar Talata na yi girkin. Na fara da duk aikin da ba ya bukatar wuta, na yi shi a falo a kan tabarma. Gyaɗar soyayya na saya, na murje ɓawon na fece, na daka rabi a ɗan turmin da na taho da shi daga gida har ta fara fitar da mai, rabi na bar ta ɓarza-ɓarza. Na jiƙa busasshen barkono, na daka shi da albasa da tafarnuwa da citta, da kirfa da hel, ƙwayar nan mai ƙamshi da Larabawa ke sa wa gahawa, da gindin ciyawar nan mai ƙamshin lemon tsami da muke sa wa shayi a gida. Na jiƙa tsamiya na tace. Na fere dankali. Naman, wanda ƙirjin saniya ne, na yanka shi daidai girman wanda na gani a bidiyo. Hannuna bai manta komai ba, wuƙa tana tafiya yadda ta saba. Na yi sallar azahar, na dawo na duba tabarmar, babu sauran abin da zan fake da shi.

Na shirya kicin kamar mai shirin yaƙi. Na sa riga mai gajeren hannu, na ɗaure kallabi tamau. Na ajiye babban murfin tukunya a hannun hagu inda zan same shi ko ido a rufe, domin abin da na koya daga Khala ke nan. Duk wani abu mai ruwa a ciki, roba da kofi da buta, na kwashe na kai banɗaki na ja ƙofa. Ban yarda da hannuna ba. Na buɗe ƙofar gida, na sa waya ta ƙirga mini minti arba'in.

Na murɗa makunnin murhun, ya yi tas-tas, na sake shi na fita har bakin matakala. Na dawo na sake murɗawa, na sake saki, wannan karon a ƙofar kicin na tsaya. A karo na uku na yi bisimilla da ƙarfi yadda zan ji muryata ta fi ƙarar, na danne ban saki ba. Wuta ta zagaye, shuɗiya, 'yar ƙarama. Na ɗora tukunya.

Farkon abin da matar bidiyon ta yi shi ne ta zuba kaurin madarar kwakwa ta bar shi yana tafasa har mai ya rabu da shi, sannan ta soya haɗin yajin a cikin man. Wato abin da na fi tsoro shi ne a gaba. Na zuba, na tsaya da murfi a hagu kamar garkuwa, ludayi mafi tsawo a dama. Madarar ta yi ƙulu-ƙulu, ta fara tsinkewa, mai ya fito yana ƙyalli a gefe. Da na juye yajin ya yi cuuu, ya fantso mini ɗigo ɗaya a kan tabon. Na yi ƙara, amma ban gudu ba. Ƙamshin da ya tashi shi ne na kwanon Khala, sak, kuma shi ya tsayar da ni. Na zuba nama na juya, na ƙara sauran madarar, da tsamiya da ruwan kifi da sukari cokali ɗaya, na juye gyaɗar gaba ɗaya yadda matar ta yi. Dankali na ce sai an jima.

Na koma bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a kicin ɗaya a falo, ina kallon lambobin wayar suna raguwa. Nakan shiga in juya in fito. Da wayar ta yi ƙara sai da na kusa yin kuka don daɗi. Na tsamo yanka ɗaya, na hura, na kai baki.

Kamar na ciji silifa.

Na tsaya da naman a baki, sannan abin ya faɗo mini. Minti arba'in ɗin na naman matar ne. Ni da ban taɓa ganin wancan naman ido da ido ba, ina zan san saurin nunarsa? Ƙirjin saniya kuwa na san shi tun ina yarinya, ko awa biyu ka ba shi sai ya ga dama. Da hankalina yana jikina da tun a falo na tuna, da na fara tafasa shi daban kamar yadda kowace mace a garinmu za ta yi. Na ga lamba a bidiyo na riƙe ta don ita ce daidai ƙarfina, na manta abin da na sani.

Ga kuma wata matsalar. Gyaɗar da na zuba tun farko ta sa miyar ta yi kauri, ta fara kamawa a gindi, ina jin ludayi yana karto. In na bar ta minti biyar za ta ƙone. Ruwa take so, kuma daga nan har naman ya nuna sai an tsaya a kanta ana juyawa, babu zancen komawa bakin ƙofa.

Na kai hannu kan makunnin. In na kashe, na san me zai biyo baya: in juye a shara, in wanke tukunya kafin ya dawo, in ce masa na gwada. Shi kuma zai fara tambayar kuɗin jirgi. Na ɗaga kai na ga kwanuka biyar a kan firji. Na cire hannuna, na rage wutar kawai.

Na je banɗaki na ɗebo ruwa a kofi. Tsakanin banɗaki da kicin taku shida ne, ban taɓa sanin haka ba sai ranar. Na tsaya a gaban tukunyar, jan mai yana yawo a saman miya, ga ruwa a hannun da ya ƙone. Kaina yana gaya mini wannan miya ce, na zuba wa miya ruwa sau dubu. Hannun ya ƙi. Sai na ajiye kofin, na ɗebi ludayi ɗaya, na ɗaga murfi na kare fuskata, na tsiyaya ta gefen tukunya ina salati.

Miyar ta yi ɗan shiii, ta lafa. Shi ke nan abin da ya faru.

Na ƙara ludayi na biyu, na uku, sannan na juye sauran kofin. Na jawo kujerar roba na zauna dab da murhun, na ci gaba da juyawa. Aka kira la'asar, na ƙara ruwa, na mai da wutar can ƙasa, na yi salla a bakin ƙofar kicin, ina sallamewa na koma. Zufa ta jiƙa mini riga. Duk bayan ɗan lokaci in tsamo yanka in matsa da yatsa, in mayar. A wani wuri cikin awa ta biyu na ji kaina ina yi wa saniyar faɗa a fili, ina tambayarta ko da ita aka yi noman duniya, ko kakar shanu ce aka yanko mana. Haushinta nake ji, kuma rabon da in ji wani abu a kicin ɗin nan ban da tsoro tun azumi. Na ɗanɗana na ji zaƙin bai yi mini ba, na ƙara barkono da ɗan gishiri, ban ko duba bidiyon ba. Na zuba dankali. Na tuna babu abin da za a ci miyar da shi, na wanke shinkafa, na murɗa ɗaya kan murhun. Sai da ya kama na lura da abin da na yi, gabana ya faɗi daga baya, na dafa bango har ya wuce.

Awa biyu da rabi naman ya ɗauka kafin ya sallama. Man ya taso ya kwanta ja a sama, alamar da Umma ta koya mini a miyar taushe, ashe can ma haka take. Na kashe wuta, na rufe tukunyar gas, na duba sau biyu.

Na cika kwano biyu da miya, biyu da shinkafa, na biyar na zuba soyayyar gyaɗar da ta rage a leda, na jera a tire na hau sama. Khala ta buɗe, ta dubi tiren, ta dubi hannuna, ta matsa mini na shiga. Ta zauna a ƙasa da ƙyar, ta ɗauko cokali. Loma ɗaya ta yi tari ta nemi ruwa.

"Ya binti, faɗa muka yi? Wannan barkono na wanda ake fushi da shi ne."

Da guntun Larabcina da nuni da hannu na gaya mata a bidiyo na koya, na kuma gaya mata wane nama matar ta sa. Ta yi dariya har tana buga cinya.

"Waɗannan ba mutanenmu ba ne, na can arewacin Tailan ne. Me ya hana ki hawo ki tambaye ni? Gyaɗa ta yi yawa. Sukari ya yi kaɗan. Kuma gyaɗa a ƙarshe ake sa ta, a ƙarshe!"

Ta ɗauki yanka ɗaya ta matsa da yatsa biyu, ya rabu. Ta daina dariya.

"Saniya ce. Awa nawa?"

Na nuna mata yatsa biyu, na lanƙwasa na uku.

"Ke kaɗai?"

Na ce ni kaɗai. Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da ci tana hura baki. Da zan tafi ta juye gyaɗar nan a wani mazubi, ta goge kwanon da gefen mayafinta, ta miƙo mini shi babu komai a ciki. Na tsaya ina kallonta, don ban taɓa ganin ta yi haka ba.

"Riƙe. Ranar Juma'a ki cika mini shi da miyar ƙasarku, koriyar nan mai yauƙi. Da can ina jin ƙamshinta ta taga, kin hana ni."

Maigidana ya dawo bayan magariba da ledar shinkafa da kaza a hannu, don bai san me zai tarar ba. Ya tsaya a ƙofa yana shaƙar iska. Ya sa ledar a firji, ya wanke hannu ya zauna. Ya ci, gumi na zubo masa, da ya gama ya turo kwanon gabana. Na ƙara masa.

"In an kira ku Mina ka tafi," na ce. "Ka dai cika mini tukunyar gas kafin ka wuce."

"To, Hajiya. Amma gobe a rage barkono, don Allah."

Ya tafi Mina, ya yi kwanakinsa ya dawo ya same ni. Gwaggo da na aika mata da miyar ta ce abincin Jawa ba ya riƙe ciki, ta kuma aiko a tambaye ni ko da saura.

Ban warke duka ba. Har yau in zan kunna sai na yi bisimilla da ƙarfi don in danne ƙarar nan, murfi yana hannun hagu ko ruwan shayi zan dafa, kuma ban sake suya a mai mai yawa ba, sambusa saya muke yi. In waya ta yi ƙara ina kicin, ko Umma ce sai ta jira. Miyar kuwa na yi ta ya fi sau goma. Yanzu naman nake fara tafasawa shi kaɗai da albasa da citta, gyaɗa a ƙarshe, sukari cokali biyu in Khala za ta ci. Kwanon nan mai shuɗin fure yana hawa yana sauka tsakaninmu, har mun daina sanin na waye. Miyar kuɓewar da na kai mata ran Juma'ar, da cokali ta yi ta fama da ita tana zillewa, sai da na wanke hannu na nuna mata yadda ake yi.